Gabana Kullum Faɗuwa Yake, Ko Da Komai Lafiya

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a nan Damagaram, shekaruna 33, ƴaƴana uku. Maigidana direban babbar mota ne, yana bin hanyar Tanut zuwa Agadas, wani zubin sai ya yi mako bai kwana gida ba. Tun ina yarinya an san ni da yawan tunani, mahaifiyata ma haka take, amma abin ya fi ƙarfina ne shekara biyu da suka wuce, bayan wani abokin aikinsa ya rasu a haɗari a wannan hanyar.

Yanzu in ya tafi ina iya kiransa sau goma sha a wuni. In babu rezo, kafin a same shi na riga na ga gawarsa, na ga zaman makoki, na ga yadda zan yi da marayu. Abin mamaki, ko yana gida hankalina ba ya kwanciya, sai tunanin ya koma kan yara. In sun yi jinkirin minti goma daga lakwal, na ɗauki hijabi na fita. In autata ta yi tari sau ɗaya, sai in yi ta tashi cikin dare ina sa hannu a hancinta. Da hatsi a ɗaki amma ina lissafin yunwar baɗi. In maƙwabciya ba ta amsa gaisuwata da fara'a ba, na wuni ina neman laifin da na yi mata.

Wuyana da kafaɗuna kullum a ɗaure, cikina yana murɗawa, gabana yana faɗuwa ba dalili. Ƙarfe biyu na dare nake farkawa, shi ke nan har kiran asalatu. A salla ban san raka'a nawa na yi ba. Ina yi wa yara tsawa kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya in shiga ɗaki in yi kuka. Sau uku ina zuwa likita, an auna tansiyo, an ɗibi jini, aka ce lafiyata lau, aka ba ni maganin ciki.

Uwar mijina ta ce iska ce ko sammu, an yi mini rubutu da hayaƙi. Maigidana ya ce rashin tawakkali ne, yanzu ma kashe wayarsa yake in ya hau hanya. Wata maƙwabciya ta ba ni wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi da take saye wurin mai tallar magani. Ina sha ina samun barci, wata huɗu ke nan, amma yanzu in ban sha ba idona biyu har safe. Yaya, hauka ce za ta kama ni? Ko imanina ne ya yi rauni? Kuma yaya zan yi maigidana ya gane ba da gangan nake yi ba?

Ƙanwarki daga Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta takardarki sau biyu, kuma wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kike tashi cikin dare ki sa hannu a hancin autarki. Gari duk ya yi barci, ke kaɗai kina gadi, shekara biyu cur. Sannu. Wanda ya ce miki raki ne bai taɓa yin kwana ɗaya irin kwanan da kike yi ba. Na kuma ji daɗi da kika daure kika rubuto, domin mata da yawa a unguwanninmu da wannan abu suke tsufa ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Bari in fara cire miki babbar ƙayar: abin da kika bayyana ba farkon hauka ba ne. Tsoron haukacewa ma kansa yana cikin maganganun da masu irin wannan larura suke yawan faɗa wa likita, saboda in zuciya ta daɗe tana gudu ba hutu, sai mutum ya ji kamar linzamin kansa zai kuɓuce masa. Ba ya kuɓucewa. Ga ki nan kina riƙe da gida, kin zauna kin tsara bayani tiryan-tiryan, kin kuma san sarai cewa tsoron ya wuce kima. Likita ne zai tabbatar bayan ya gan ki ido da ido, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon da ake kira damuwa mai game komai, wanda a takardun likita na Faransanci za ki ga an taƙaita shi da TAG.

Ma'aunin da likitoci suke bi shi ne a sami damuwa mai yawa, kan abubuwa iri-iri, a mafi yawan ranaku, har tsawon wata 6 ko fiye, wadda mutum ya kasa tsayar da ita ko da ya so. Sai kuma aƙalla uku daga cikin alamu shida: rashin natsuwa, saurin gajiya, kasa tattara hankali, saurin fushi, ɗaurewar tsokar jiki, da matsalar barci. Koma kan takardarki ki ƙirga. Wuya da kafaɗu, tsawar da kike yi wa yara, raka'o'in da suke ɓace miki, farkawar ƙarfe biyu, huɗu ke nan tun ba a bincika ba. Amma alamar da ta fi fitowa fili a wurina ita ce wadda kika kira abin mamaki, cewa ko maigida yana gida tunanin ba ya tsayawa, masauki kawai yake sauyawa. Damuwar da kowa yake yi tana da dalilinta, in dalilin ya wuce sai ta bi shi. Taki kuwa baƙon da ya ƙi tafiya ce, in an fitar da shi daga ɗaki sai ya shimfiɗa tabarma a zaure: daga kan mota zuwa kan yara, daga yara zuwa hatsin baɗi, daga hatsi zuwa fuskar maƙwabciya.

Ciwon da kike ji a jiki kuma gaskiya ne, ko da analiz bai nuna komai ba. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa wani sashe da aikinsa gadi ne. In ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya yi sama-sama, narkewar abinci ta ja baya, duk don mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Rahama ce ranar da kika yi kiciɓis da maciji a bayan randa, kuma bayan ɗan lokaci komai yake komawa daidai. Sai dai wannan mai gadi ba ya bambanta haɗarin da ido ya gani da wanda zuciya ta zana. In kin ga gawa a ranki, jikinki yana amsawa tamkar gawar ce a gabanki. Ki lissafa sau nawa hakan yake faruwa a wuni, har tsawon shekara biyu. Dole wuya ya ƙage, ciki ya murɗa, barci ya gudu.

Ba kasafai abu ɗaya yake kawo shi ba. Akwai gado, don binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na sauƙin kamuwa da shi daga jini yake, ga kuma abin da yarinya take ɗauka da ido in ta tashi a gaban uwa mai zullumi. Sai rasuwar abokin aikin maigidanki, kin san wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba zan ce miki babu haɗari tsakanin Tanut da Agadas ba, kin fi ni sanin hanyar nan. Sai nauyin gida a kanki ke kaɗai mako guda, da neman ruwa irin na garin nan, da zafin bazara, da rashin barci wanda shi ma yake ƙara hura wutar. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da cututtukan damuwa iri-iri, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samun magani. Irin naki kuwa mata sun ninka maza kamuwa da shi kusan sau biyu.

Maganar imani ta taɓa ni, don na san ita ce take ci miki rai fiye da ciwon wuyan. Ki buɗe Suratul Ƙasas ki karanta labarin mahaifiyar Annabi Musa. Allah da kansa ya yi mata alkawarin zai mayar mata da ɗanta, amma duk da haka aya ta 10 ta ce zuciyarta ta wayi gari fayau, har ta kusa tona asirin, ba don Allah ya ƙarfafa zuciyar ba. Ba a kira ta mai raunin imani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawaita addu'ar "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan", wato neman tsari daga zullumin abin da bai zo ba da baƙin cikin abin da ya wuce. Ki riƙe wannan addu'a safe da yamma, ki riƙe azkar ɗinki, sannan ki nemi magani kamar yadda mai hawan jini yake salla yana shan ƙwayarsa, ba wanda yake zarginsa da rashin tawakkali.

Yanzu ga abin da ya fi gaggawa a duk takardarki, wato ƙwayoyin nan. Ƙananan ƙwayoyin barci da suke yawo a farantan masu talla sau da yawa dangin diyazefam ne, wanda wasu suka fi sani da Valium. Suna kwantar da mutum nan take, shi ya sa ake son su, amma cikin ƴan makonni jiki yake sabawa, ya fara neman ƙari, kuma in babu su barci ya ƙi zuwa, daidai yadda kika faɗa. Likitoci ma in sun rubuta su, na ɗan gajeren lokaci ne. Ga kuma na talla da ya sha rana da ƙura, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Maƙwabciyarki tausayi ne ya sa ta, kar ki riƙe ta a rai. Amma ki ji ni da kyau: kar ki ƙara adadin da kike sha, kar ki haɗa su da tramol ko wani maganin sa barci, kuma kar ki yanke su rana ɗaya. Bayan wata huɗu, dainawa farat ɗaya tana iya kawo rawar jiki, da tsananin fargaba, har da farfaɗiya. Ki sa sauran ƙwayoyin da ledarsu a jaka ki kai wa likita cikin makon nan, shi zai tsara miki yadda za ki rage kaɗan-kaɗan har ki rabu da su.

Wannan zuwa likitan kuma ya bambanta da ukun da kika yi. Ina kyautata zaton a baya ciki da bugun zuciya kika faɗa, kika yi shiru kan tunanin, don haka muke yi, kunya ba ta barinmu. Likita kuwa abin da aka ba shi yake aiki da shi. Wannan karon ki fara da cewa: "Shekara biyu ke nan tunani ya hana ni sakat, ba na iya tsayar da shi, ba na barci." In baki ya yi nauyi, ki miƙa masa kwafin wannan takarda da kika aiko mini. Kina iya farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki gaya wa majo, babban malamin asibitin, ki nemi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa na nan Damagaram. Na san sunan sashen kaɗai yana sa mutane su ja da baya, suna tsoron a gan su a ƙofar. Ki tafi da yayarki ko wata aminiya, da yawa daga masu zama a layin nan rashin barci da damuwa ne ya kai su, irinki. Wataƙila a yi miki wasu tambayoyi bakwai kan makonni biyun da suka wuce, ma'auni ne da ake kira GAD-7 wanda aka fitar a 2006, makinsa daga 0 zuwa 21, kuma daga 10 zuwa sama ake ɗaukar abin yana buƙatar a duba shi da kyau. Ki kuma tambaya ko jinin da aka ɗiba an duba aikin ƙullin maƙoshi, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. In yana aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya, da rawar hannu, da rama, da fargaba. Ƙarancin jini ma yana kawo bugun zuciya da kasala. Gara a cire waɗannan daga lissafi.

Magani iri biyu ne aka tabbatar suna aiki. Na farko zama ne da ƙwararre, yawanci sau ɗaya a mako, kamar zama 12 zuwa 15, inda ake koya wa mutum yadda zai kama tunanin da yake razana shi, ya auna shi, ya kuma daina ɗabi'un da suke ciyar da shi. Na biyu ƙwayoyi ne irin su satiralin da esitalofiram, waɗanda aikinsu daban yake da na diyazefam. Ba sa bugar da mutum, ba sa kuma sa jarabar neman ƙari. Sai dai suna son haƙuri: mako 2 zuwa 6 kafin a fara jin sauƙi, kuma a makon farko wasu suna jin tashin zuciya ko fargabar ta ɗan ƙaru. A nan ne mutane da yawa suke jefar da maganin su ce bai karɓe su ba, alhali bai ma fara aiki ba. In ya karɓe ki, ana ci gaba da shi kusan shekara guda ko da kin ji garau, sannan a sauka a hankali da sanin likita. In kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina sa rai, ki faɗa tun kafin a rubuta.

To sai maganar waya, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki duka, don ina ganin nan ne mabuɗin. Ki lura da abin da yake faruwa in kin kira ya ɗauka. Zuciya ta sauka, kin yi ajiyar zuciya, kin koma kan tukunya. Minti nawa wannan sauƙin yake yi? Rabin awa, wataƙila awa guda, sai "to yanzu fa?" ta dawo. Kamar susar ƙazuwa ce, daɗi a lokacin, ƙurjin kuma yana ƙara faɗi. Duk kiran da kika yi, mai gadin nan na cikin kanki yana koyon darasi guda: ashe da gaske akwai haɗari, kuma kiran ne ya tsare mu. Gobe sai ya nemi kira goma sha biyu. Haka sa hannu a hancin yarinya, haka fita da hijabi bayan minti goma. Abin da zuciyarki take nema shi ne tabbacin cewa babu abin da zai faru, wannan tabbaci kuwa ba a ba ɗan Adam shi ba, ko mijin da yake sayar da kaya a Kasuwar Dole ya dawo gida kullum da magariba. Akwai ma wani tunani da yake ɓoye a ƙasa, na sha jin sa a bakin mata: cewa in na daina damuwa sai abin ya same ni ba shiri, ko kuma kamar na daina kula da iyalina. Ki tambayi kanki da gaske, cikin shekara biyun nan, wace tayar mota zulluminki ya hana fashewa? Wane tari ya warkar? Ƙauna ce ta sa kike yi, ba na shakka, amma abin da ya tsare su daban, abin da ya cinye ki daban.

Saboda haka aikin shi ne koya wa zuciya zama da "ban sani ba, Allah ya sani", kuma da kaɗan-kaɗan ake koyonsa. Kar ki ce daga gobe ba za ki ƙara kira ba, za ki karya ki kuma zargi kanki. In sha'awar kiran ta taso, ki dubi agogo ki ce sai bayan minti 15. Ki ajiye wayar a wani ɗaki, ki kama wanki ko tsintar shinkafa. Fargabar za ta hau, za ta kai inda za ki ji kamar ba za ki iya ba, sannan ta fara sauka da kanta, haka halittarta take. Duk ranar da kika bari ta sauka ba tare da kira ba, mai gadin ya koyi sabon darasi. Mako na gaba ki mai da shi rabin awa. Ga yara ma haka: jinkirin da bai kai rabin awa ba, a zauna. Autarki kuwa ki san alamun da suke sa a ruga likita ba jira, wato zazzaɓi, numfashi da sauri ko da ƙyar, sanƙarewa ko fizge-fizge, amai ba tsayawa, da ƙin ci da sha. In babu ko ɗaya, kuma tana cikin gidan sauro, dubawa ɗaya kafin ki kwanta ta isa.

Shi ma maigidanki a yi masa adalci. Mutum yana riƙe da sitiyarin mota mai lodi a hanya marar kyau, waya tana ta ruri a aljihu, wannan kansa haɗari ne. Kuma kar ki manta shi ne ya rasa abokin aiki, shi ne yake wuce wurin da abin ya faru duk tafiya. Mai yiwuwa duk kiranki yana tuna masa abin da yake ƙoƙarin dannewa, "rashin tawakkali" kuma ita ce kalmar da ya samu a kusa. Amma kashe waya gaba ɗaya zalunci ne a kanki ko bai nufa ba, don yana barin ki da zato tsirara har kwana biyu. Ki same shi ba ranar da ya dawo a gajiye ba, sai washegari, ya ci ya huta, yara sun fita. Ki yi masa magana da yaren sana'arsa. Ki ce: "Malam, ka san motar da aka tsayar amma aka bar ƙafa kan totur, ba ta tafiya ko'ina, tana shan mai, inji yana zafi? Haka jikina yake dare da rana. An ce ciwo ne kuma yana da magani, ina so ka taimaka mini." Sannan ku yi yarjejeniya: shi ne zai riƙa kira ko ya aiko da saƙon murya a wurare sanannu, in ya isa Tanut, in ya tsaya kwana, in ya shiga Agadas. Kar ku sa ƙarfe kaza daidai, ku ce tsakanin magariba da isha, don lodi da shinge da rezo ba sa bin agogo. Ke kuma ki yi alkawarin ba za ki kira yana tuƙi ba. Ya ba ki lambar yaron motarsa don larura ta gaske kaɗai. In ya yarda ya raka ki likita ya ji da kunnensa, ya fi komai. In ya ƙi saurara, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, a yi masa magana cikin sirri. Zuwa likita kan ƙwayoyin nan dai kar ya jira sai ya gamsu da duk bayanin, ki gaya masa rashin barci da maganin da kike sha ne za a duba, gaskiya ce kuwa.

Uwar mijinki kuma kar ki yi jayayya da ita kan iska. Ta ga sarakuwarta tana ramewa, ta kawo abin da ta sani, wannan kulawa ce. Ki ce: "Inna, na gode, a ci gaba da addu'a, zan kuma haɗa da likita." Iyakar da za ki sa cikin ladabi ita ce duk abin da zai ci kuɗi mai yawa, ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba tunda za ki fara magani, ko maganar da za ta sa a fara nuna wani da yatsa cewa shi ya yi sammu. Wannan ta ƙarshe sabuwar damuwa kawai za ta ɗora miki. In kika jawo ta jiki, ita ce za ta riƙe miki yara ranar asibiti.

Akwai ƴan abubuwan da za ki fara tun yau. Ki sayi ɗan littafi, ki ware minti 20 bayan la'asar ya zama lokacin damuwa. Duk tunanin da ya zo da safe ko da dare, ki rubuta layi ɗaya ki ce masa sai la'asar. In lokacin ya yi, ki duba su ɗaya-ɗaya. Wanda yake da abin yi, kamar kuɗin makaranta, ki rubuta mataki guda. Wanda "in fa kaza ta faru" ne kawai, ki rubuta abin da kike tsoro, bayan kwana biyu ki rubuta abin da ya faru a gefensa. Bayan wata guda ki karanta, littafin zai gaya miki abin da ni ba zan iya gamsar da ke ba. Bayan sallar asuba da ta isha kuma ki ƙara minti biyar a kan darduma, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, kafaɗu a sake. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. In kina shan shayi mai kauri, ko Nescafé, ko kina cin goro, ki rage, daga azahar kuma ki bari, duk suna da sinadarin da yake ƙara bugun zuciya ya kori barci. Ki samu tafiyar ƙafa ta rabin awa da yamma, ko zuwa Islamiyya ce ko gidan ƴar'uwa. In kin yi wa yara tsawa, ki kira su daga baya ki ce ba laifinsu ba ne, Mama ce ba ta jin daɗi kuma tana neman magani. Yara suna gane wannan fiye da yadda muke zato.

Abu guda da ba ki faɗa ba amma dole in tambaya, domin wannan ciwo sau da yawa yana tafe da ciwon baƙin ciki. In akwai ranar da kika ji komai ya fita daga ranki, ko zuciya ta raya miki cewa gara mutuwa, ko yaran za su fi jin daɗi ba ke, kar ki kwana da wannan. Ki gaya wa yayarki ko maigidanki a ranar, ki ba su ƙwayoyin su riƙe, a kai ki asibiti ko da dare ne.

Ina jiran takardarki bayan wata guda, ƙanwata. Ki gaya mini abin da likita ya ce game da ƙwayoyin, da yadda kuka yi da Malam, da kuma kira nawa kika yi a tafiyarsa ta gaba. In daga goma sha ya sauko zuwa bakwai, ki rubuto da bakwai ɗin, ina so in ji. Allah ya ba ki lafiya, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, ya raya miki yaran.